Me ke riƙe mutane a duban taurari?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so mu tattauna shi cikin natsuwa. Duban taurari nake nufi, wannan da ake kasa mutane gida 12 bisa ranar haihuwa, a ce wannan ɗan burujin Zaki ne, waccan 'yar Kunama ce, daga nan a karanto maka halinka, da wanda ya dace ka aura, da abin da zai same ka makon gobe. Masana sun gwada abin nan ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Duk da haka, a binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2018, kashi 29 cikin 100 na manyan Amurkawa sun ce sun yarda da shi. Ƙasar da ta sauke mutum a kan wata ke nan. Saboda haka ba zan karɓi amsar "jahilci ne" ba, ta yi sauƙi da yawa. Me ke riƙe mutane? Don Allah kada a zagi kowa. Wanda ya yarda da abin ya fito ya faɗi dalilinsa, da shi na fi son mu yi magana.

Ummi:
Wa alaikumus salam Anti. Ni zan fito, ina karantawa. Ban ce taurari ne ke juya rayuwata ba, Allah ne mai yi. Amma ni 'yar Kunama ce, kuma duk abin da aka rubuta a kan 'yan Kunama sai in ga da ni ake. Zurfin ciki, wuyar yarda da mutum, in na so mutum na so shi har zuciya, in an cuce ni ba na mantawa da wuri. Wa ya gaya musu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Dakta Nura:
Ƙanwata Ummi, na gode da kika fara, don abin da kika faɗa shi ne ƙofar da kusan kowa ke shiga ta cikinta. Bari in ba ki labarin wani gwaji. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi su amsa, ya ce zai fitar wa kowa bayanin halinsa shi kaɗai. Da ya dawo ya miƙa wa kowa takarda da sunansa a kai, ya ce kowa ya ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sannan ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma yawancin jimlolin daga wani littafin duban taurari da ya saya a wurin masu sayar da jarida ya tsamo su.

Me ke cikin takardar? Irin su: kana son mutane su ƙaunace ka, kana yawan zargin kanka, wani lokaci kana son shiga jama'a wani lokaci kuma ka fi son kaɗaici, ka gano cewa ba hikima ba ce ka buɗe wa kowa cikinka. Yanzu ki sake duba abin da kika lissafa mana. Wane ne a zauren nan ba ya jin yana da zurfin ciki? Wa aka taɓa cuta ya manta da wuri?

Ummi:
Amma Dakta, na karanta na 'yan Rago, ko kusa bai yi kama da ni ba.

Dakta Nura:
Kin karanta shi ne kina sane ba naki ba ne. Idon da mutum ke karanta nasa da shi daban ne da wanda yake karanta na wani. A naki kina neman inda ya dace, a na Rago kina neman inda ya saɓa, kuma duk wanda kika nema za ki samu.

Ga wanda ya fi wannan nauyi. A 1968 wani mai bincike Bafaranshe, Michel Gauquelin, ya sa talla a jarida cewa duk mai son cikakken bayanin taurarinsa kyauta ya aiko da ranar haihuwarsa. Duk wanda ya aiko, bayani ɗaya ya tura masa, kuma an tsara bayanin ne a kan ranar haihuwar wani likita mai suna Marcel Petiot, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1946 saboda kashe mutane da dama a Faris lokacin yaƙin duniya na biyu. Cikin waɗanda suka dawo da amsa, kashi 94 cikin 100 suka ce bayanin ya kwatanta su daidai.

Sadiq:
Subhanallah. Wannan na biyun ya girgiza ni.

Malam Kabiru:
Dakta ya taɓo ɓangaren zuciya, ni bari in taɓo na sama. Ummi, a wane lokaci aka haife ki, in ba damuwa?

Ummi:
Farkon Nuwamba, Malam.

Malam Kabiru:
To ranar da aka haife ki rana ba ta gaban taurarin Kunama, tana gaban na Ma'auni. Dalili shi ne duniyarmu tana juyawa a kan sandarta, ita kuma sandar tana karkata a hankali tana zagaye, zagayen da ke ɗaukar kusan shekara 26,000 kafin ya cika. Wannan ke sa matsayin rana a tsakanin taurari ya gusa da kusan digiri ɗaya duk shekara 72. An tsayar da kwanakin burujan da ake amfani da su yau kimanin shekara 2,000 da suka wuce, kuma daga lokacin zuwa yanzu sama ta gusa da kusan buruji guda. Wanda aka haifa 1 ga Agusta ana ce masa ɗan Zaki, alhali rana tana cikin Kaguwa a ranar.

Ba nan abin ya tsaya ba. Taurarin ba su rabu gida 12 daidai wa daida ba. Rana kan yi mako guda ne kacal a gaban Kunama, ta yi fiye da kwana 40 a gaban Budurwa, kuma daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba takan ratsa wani rukuni na 13 da ba a saka shi a lissafin ba sam. Mutanen Babila ne suka yanka hanyar rana gida 12 masu digiri 30 kowanne, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, don lissafi ya zo musu da sauƙi. Masu duba na Indiya suna gyara wancan gushewar, na Turai ba sa gyarawa, shi ya sa mutum ɗaya zai zama ɗan wani buruji a Delhi, ɗan wani daban a Landan. Kuma kowane ɓangare mabiyansa na rantsuwa cewa nasu na faɗar gaskiya.

Ummi:
To ai wata yana jan ruwan teku, kowa ya sani. Jikinmu kuma yawancinsa ruwa ne. Me zai hana ya taɓa mu?

Malam Kabiru:
Tambaya mai kyau, kuma mutane da yawa a kanta suke tsayawa. Abin da ke tayar da teku shi ne bambancin ƙarfin jan wata tsakanin ɓangaren duniya da ke fuskantarsa da ɓangaren da ke nesa da shi, tazarar da ta kai kusan kilomita 12,700. Tsakanin kanki da ƙafarki ba a kai mita biyu ba, don haka bambancin bai kai a ce komai ba. Shi ya sa ba ki taɓa ganin ruwan kofi ya tashi don wata ya cika ba. Wannan wata ke nan da ke kusa da mu. Balle duniyar Zuhalu da ke nesa da mu fiye da kilomita biliyan ɗaya. Kuma ko da an yarda akwai ja, ta yaya ja zai zaɓa wa mutum zurfin ciki ko miji?

Mansur:
Ina bibiya tun ɗazu. Malamai, da girmamawa, kuna dukan abin da masu ilimin su kansu ba su ɗauka da daraja ba. Wannan na jarida da na manhajar waya, na buruji 12, wasan yara ne. Na gaskiya sai an san sa'ar da aka haife ka da mintinta da garin, a zana matsayin rana da wata da duniyoyi irin su Mushtari da Mirrihi da sauransu. Wannan kowa nasa daban ne. Shi ya kamata a gwada.

Dakta Nura:
An gwada shi, Malam Mansur. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin wani mai suna Shawn Carlson. Ƙwararrun masu duba 28 suka shiga, kuma da shawarar mutanensu aka tsara yadda gwajin zai gudana. Ana ba mai duba cikakken zanen haihuwar mutum, da sa'a da wuri, sannan a ba shi bayanan hali guda uku, ɗaya na mai zanen ne, biyu na wasu. Ya zaɓi na gaskiya. Sun ce za su dace aƙalla rabin lokaci. Da aka ƙirga, sun dace sau ɗaya cikin uku, daidai abin da mai canka ido rufe zai samu.

Batun dacewar aure ma an duba. Wani mai bincike, David Voas, ya ɗauki ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2001, ma'aurata sama da miliyan 10, ya nemi ko wani buruji ya fi auren wani. Bai samu ba.

Mansur:
Akwai waɗanda suka soki tsarin gwajin Carlson ɗin.

Dakta Nura:
Akwai, kuma haƙƙinsu ne. Amma hanyar rufe bakinmu a buɗe take: su shirya gwajin da ya fi shi tsauri su ci, wasu su maimaita su samu abu ɗaya. Shekaru kusan 40 ke nan ana jira.

Rifkatu:
Ni aikin ungozoma nake yi, bari in sa baki. Na karɓi haihuwar tagwaye da dama, mintuna ne tsakaninsu, ɗaki ɗaya, sama ɗaya. Wasu iyayen sukan dawo da su bayan shekaru, ka ga ɗaya ba ya zama wuri guda, ɗaya kuma da ƙyar ka ji muryarsa. Wani lokaci ɗaya ya rayu ɗaya ya koma tun a kwanakin farko. Sannan yau likita kan sa ranar fiɗa ya ciro jariri bisa yadda lafiyar uwa take. In an matso da ranar daga Laraba zuwa Litinin, an canza wa yaron hali ke nan? Zuciyata ba ta karɓi wannan ba.

Hajiya Rabi:
Na gode muku ƙwarai, na ƙaru. Amma ku lura mun koma kan "ba ya aiki", ni kuwa tambayata "me ya sa ake bi". Hujjar tagwayen da Rifkatu ta kawo, Agustin, babban malamin Kirista na Arewacin Afirka, ya kawo ta tun farkon ƙarni na 5, har ya buga misali da Yakubu da ɗan'uwansa Isuwa. Kafin shi, Cicero na Rum ya tambaya ko dubban sojojin da aka kashe rana ɗaya a yaƙin Cannae duk tauraro ɗaya suka haɗa. Ibn Sina ya rubuta raddi, Ibn Khaldun ya ware masa babi guda yana rushe shi. Abin da aka rushe tun shekara 2,000 da suka wuce kuma bai faɗi ba, ba hujja ce ke ɗauke da shi ba tun farko. Wannan ginshiƙin da ba mu gani ba nake nema.

Baba Audu:
Hajiya ta zo inda nake jira. Ni tsoho ne mai son karatun tarihi, ga abin da na lura da shi: ɗan Adam yana riƙe dacewa ɗaya ya zubar da kuskure ɗari.

Lokacin da Halifa Mansur zai kafa Bagadaza a shekarar 762, masu duban taurari ne suka zaɓa masa ranar aza harsashi, cikinsu har da Naubakht. Ana ruwaito cewa sun yi masa albishir babu halifan da zai mutu a cikinta. A 813 aka kashe Halifa Amin a cikin birnin. Fadar ba ta sallami masu duba ba.

A 1186 kuwa abin ya game ƙasashe. Masu duba suka ga duniyoyin da aka sani a lokacin za su taru a burujin Ma'auni a watan Satumba, suka ce guguwa za ta tashi ta shafe birane. Tun daga Farisa har Turai mutane suka haƙa ramuka a ƙasa suka tara guzuri. Ranar ta zo ta wuce, babu abin da ya faru. Ibn Asir ya kawo labarin a tarihinsa. Sana'ar ta ci gaba kamar ba a yi ba.

Na jarida da Malam Mansur na zauren nan ya kira wasan yara, shi ma haka ya samu gindin zama. A Agustan 1930, da aka haifi Gimbiya Margaret ta Ingila, jaridar Sunday Express ta sa wani R. H. Naylor ya duba mata taurari. Masu karatu suka so abin, aka ce ya ƙara. Sai ya rubuta cewa jiragen saman Birtaniya za su shiga haɗari a watan Oktoba. Ranar 5 ga Oktoba babban jirgin nan mai tashi da iskar gas, R101, ya faɗi a Faransa, mutum 48 suka mutu. Shi ke nan, aka ba shi fili na kowane mako, sauran jaridu suka bi sahu. Abubuwan da ya faɗa ba su faru ba, wa ya ajiye lissafinsu?

Sadiq:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wato in ka yi ta harbi, wata rana dole ka samu.

Dakta Nura:
Haka ne, amma akwai abin da ke ƙarƙashin wannan, kuma ina ganin shi Hajiya ke nema. A tambayi yaushe mutum ke zuwa wurin mai duba. Wani masanin al'adu, Bronislaw Malinowski, ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, cikin ƙasar Papua New Guinea ta yau, tsakanin 1915 da 1918. Ya lura cewa in za su kamun kifi a ruwan gaɓa mai kwanciya, inda kowa ya san abin da zai samu, ba sa yin wani tsafi. In za su shiga tsakiyar teku, inda mutum kan tafi bai dawo ba, sai tsafe-tsafe su yi yawa. Mutanen ɗaya ne, hankalinsu ɗaya ne, tsoro ne ya bambanta.

Ku dubi Nancy, matar Shugaba Reagan na Amurka. Bayan an harbi mijinta a Maris 1981 ya tsira da ƙyar, ta riƙa tuntuɓar wata mai duba, Joan Quigley, har ana daidaita ranakun tafiye-tafiyen shugaban da shawararta. Tsohon shugaban ma'aikatan fadar, Donald Regan, shi ya fallasa a 1988. Matar tana da likitoci da jami'an tsaro iya son ranta, amma babu wanda zai iya ce mata gobe ba za a sake harbinsa ba. Mai duba ce kaɗai ta yarda ta ba ta amsa.

Maman Iman:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Lokacin da maigidana ya kwanta jinya mai tsawo, aikinsa ya tsaya, yara ƙanana, na shiga karanta abin nan kullum da asuba kafin in tashi daga shimfiɗa. Ina da ilimina, na san babu wanda ya san ni a cikin masu rubutawa. Amma likita in ka tambaye shi sai ya ce mu jira sakamako. 'Yan'uwa in sun kira sai su ce a yi haƙuri, su kashe waya. Wannan shafin ne kaɗai yake ce min kwanakin nan masu nauyi ne amma sauƙi na tafe ƙarshen wata. Yana ba wa wahalar iyaka, yana ce min tana da ranar ƙarewa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da a lokacin wani ya zo min da zancen digiri da gushewar sama, wallahi ba zan saurare shi ba. Abin da ya raba ni da shi wata maƙwabciya ce da ta riƙa zuwa tana zama da ni, ba ta taɓa yi min wa'azi a kai ba, ba ta ma san ina yi ba. Da na samu mai saurarena sai na ga na daina buɗe shafin.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri. Maman Iman, yaya jikin maigidan yanzu?

Maman Iman:
Alhamdulillah Hajiya, ya samu sauƙi, ya koma aiki.

Malam Habibu:
Allah ya ƙara afuwa. Ina so in faɗi matsayin addini, ba don in ɗaga wa kowa murya ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Uba ne da ke cikin zafin rashin ɗa, kuma maganar ta ɗaukaka shi ce, amma ya tashi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Haka a Hudaibiyya bayan an yi ruwa da dare, ya bambanta wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da wanda ya jingina ruwan ga tauraro kaza. Ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe.

Wannan bai hana ilimin falaki ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci shiryuwa da taurari a tafiya, kuma da lissafin sama ake sanin alƙibla da lokutan salla. Abin da aka hana shi ne neman gaibu a wurinsu. Ummi, 'yata, kin ce Allah ne mai yi, na kuma gaskata ki. Sai dai zuciya takan jingina da abu a hankali mai ita bai ankara ba.

Rifkatu:
Malam, a wajenmu ma haka ne. Littafin Ishaya sura 47 ya yi magana kai tsaye a kan masu duban taurarin Babila, cewa ko kansu ba za su iya ceta ba. Amma ina da 'yan'uwa masu zuwa coci kowace Lahadi da ba sa wuce shafin burujinsu. Hani ya daɗe a addinan nan biyu, mutane kuma ba su bari ba.

Sadiq:
To ni ga tawa. In mutum ya karanta don nishaɗi, ya ji daɗi, ya wuce, ina laifi ta fuskar hankali? Abokai kan yi ta zolayar juna da shi, hanyar buɗe hira ce. Ba kowa ne ke gina rayuwa a kai ba.

Hajiya Rabi:
Sadiq ɗana, da a nan yake tsayawa da ban buɗe zancen ba. A Japan akwai imani cewa macen da aka haifa a shekarar Dokin Wuta, wadda ke zagayowa duk shekara 60 a lissafin kalandarsu ta gargajiya, za ta zama mai taurin kai ta jawo wa mijinta halaka. Da shekarar ta zo a 1966, haihuwa ta faɗi daga kusan miliyan 1.8 zuwa ƙasa da miliyan 1.4, sannan ta sake tashi a 1967. Da yawa cikin iyayen ba lallai sun yarda da abin ba, tsoro suke kada 'yarsu ta rasa mijin aure saboda wasu sun yarda. A China kuma wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna ana ƙyamar 'yan burujin Budurwa wajen ɗaukar aiki da neman aure, bisa zargin sun cika tsangwama, kuma masu binciken ba su ga wani bambancin hali tsakaninsu da sauran mutane ba. A Indiya akan fasa aure saboda matsayin Mirrihi a zanen haihuwar yarinya. Duk waɗannan hukunci ne a kan mutum saboda ranar da bai zaɓa ba. Zolayar da ka ce, ita ce ke sa abin ya zama sananne har mai ɗaukar aiki ya ga ba laifi ya duba.

Dakta Nura:
In ƙara a kan na Hajiya. Yarinyar da tun tana shekara 13 ake gaya mata 'yan burujinta ba sa yafiya, za ta iya girma tana ganin riƙo halinta ne da ba ya canzawa. Masanin halayyar ɗan Adam Hans Eysenck da abokan aikinsa sun taɓa ganin kamar akwai 'yar alaƙa tsakanin buruji da yadda mutane ke kwatanta kansu. Da aka sake gwadawa da yara da kuma manyan da ba su san abin da ake faɗa a kan burujinsu ba, alaƙar ta ɓace. Mutane ne ke ɗaukar bayanin su sa wa kansu.

Mansur:
Duk na ji. Amma kimiyya ba ta san komai ba. Abubuwa nawa aka ƙaryata da, daga baya aka gano gaskiya ne?

Malam Kabiru:
Ba ta san komai ba, kuma ba ta ce ta sani ba. Bambancin shi ne tana faɗin abin da in ta yi kuskure kowa zai gani. Masanin falaki Edmond Halley ya lissafa cewa tauraro mai wutsiya zai dawo wajen 1758, ya mutu a 1742, tauraron ya bayyana a Disambar 1758. A 1846 wani masanin falaki, Le Verrier, ya ga tafiyar duniyar Yuranos tana kaucewa lissafi, ya ce akwai wata duniya da ke janta, ya faɗi inda za a duba, aka saita madubin hangen nesa a Berlin aka ga duniyar, wato Naftun, a daren. Yau zan iya gaya maka cewa ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta yi cikakken husufi a kan Luxor ta Masar na fiye da minti shida. Ka rubuta ka ajiye.

Yanzu juya tambayar. Masu duba sun yi dubban shekaru suna zana taurarin mutane ba tare da Yuranos da Naftun ba. In da gaske waɗannan duniyoyin na taɓa rayuwa, me ya sa babu mai duba ko ɗaya da ya ce lissafina na kaucewa, akwai abin da ya ɓace? Sai da masu madubi suka gano su, a 1781 da 1846, sannan aka raba musu aiki.

Mansur:
Wannan tambayar sai na yi tunani a kanta. Amma ban sauka daga ra'ayina ba tukuna.

Ummi:
Ni ma ban sauka ba, don har yanzu ina jin na Kunama ya fi kama da ni. Amma maganar Dakta cewa don na san nawa ne tana ta yi min yawo a kai. Me zai hana mu gwada a nan? Wani ya kwaso bayanan burujai 12 daga shafi ɗaya, ya goge sunayen da duk wata alama, ya hargitsa jerin, kowa ya zaɓi wanda ya fi kama da shi.

Dakta Nura:
Na ɗauki nauyi. Amma a san wani abu tun yanzu: ko da canka ake yi, mutum 1 cikin 12 zai dace. In mu 60 ne muka shiga, kusan biyar za su faɗa kan nasu, kada a ce abin mamaki ya faru. Kuma irin su Ummi da suka haddace siffofin burujinsu za su gane nasu ta kalmomi, don haka zan ware amsarsu daban da ta waɗanda ba su taɓa karantawa ba.

Malam Habibu:
Ni ba zan shiga zaɓen ba, kuma ina ba masu jin nauyin abin a zuciya shawarar su ma su tsaya gefe. Amma zan so in ga sakamakon.

Mansur:
A rubuta cewa wannan na jarida kuke gwadawa, ba cikakken zane ba.

Dakta Nura:
An rubuta. In kana da mai duba da ka amince da shi, kawo shi mu yi masa irin na Carlson, zane ɗaya bayani uku, kai ma ka sa ido a tsarin.

Mansur:
Zan tambayi wani, in ya yarda zan sanar.

Hajiya Rabi:
To madalla. Kowa ya tura wa Dakta wata da ranar haihuwarsa ta saƙon sirri kafin daren Alhamis, ban da shekara, kuma kada a rubuta a nan kowa ya gani. Dakta zai saka bayanan ranar Juma'a, a rufe karɓar amsa ranar Lahadi.

Ummi:
Dakta, in za ka duba nawa, ka duba Kunama ka kuma duba Ma'auni, tunda Malam Kabiru ya ce can rana take.